Ranar da Tsarnawa Ta Ce Ba Ta San Saminu Ba

Ranar Litinin, tara ga watan Yuni na 1975, da ƙarfe goma na safe, motar jandarma ta tsaya a bakin kasuwar Tsarnawa. Mutum biyu suka fito, ɗaya riƙe da takarda. Tambayarsu ɗaya ce: wa ya san Saminu ɗan Amadu?

Mai shayi ya ce bai taɓa jin sunan ba. Mahauci ya ce shi baƙo ne a garin, alhali a nan aka binne cibiyarsa. Maigari kuwa an ce ya tafi gona, amma ba a samu wanda ya san wace gona ba. Gidan su Saminu a rufe yake, don tun rasuwar mahaifinsa ya ɗauke mahaifiyarsa zuwa Galmi, inda yake aikin binciken cututtukan albasa.

Babu wanda ya shirya wannan amsa da wani. Tun shekarar 1964, lokacin da aka bi garuruwan bakin iyaka ana kama samarin da suka yi karatu a waje da duk wanda ya ba su ruwa, Tsarnawa ta koyi abu ɗaya: in mai kaki ya ambaci sunan ɗan gari, ba a san shi ba.

Da sha ɗaya saura motar ta shiga lakwal, makarantar boko ta garin.

Zalika na gaban allo tana koyar da lissafi. Shekararta ashirin da huɗu, shekara uku ke nan tana malanta, kuma shekara biyu ke nan mahaifinta, Malam Alkasum, yana hana ta auren Saminu.

"Malama, ke kin yi karatu," in ji jandarman. "Kin san wani Saminu ɗan Amadu, haifaffen garin nan?"

Yara arba'in suka zuba musu ido. Zalika ta dubi bindigar da ke ƙugunsa, ta dubi takardar. Ta tuna wasiƙun Saminu da ke ƙasan akwatinta.

"Mi ya yi?" ta tambaya.

"Mu ke tambaya, Malama."

"Ban san shi ba."

Ya rubuta layi biyu da Faransanci, ya miƙo mata alƙalami. Ta karanta: malamar lakwal ta shaida cewa ba a san wannan mutum a garin ba. Ta sa hannu. 

Bayan la'asar Ɗanjuma ya zo gidansu.

Ɗanjuma akawu ne a wani buro, ofishin gwamnati, a Ƙonni, shi ke buga takardu da keken rubutu. Tun bara yake neman Zalika, kuma shi Malam Alkasum ya fi so. Ta taɓa gaya masa a gaban ƙawayenta cewa ba ta son shi. Ya yi dariya, ya ci gaba da zuwa.

Daga bayan zana ta ji maganarsa da mahaifinta a zaure.

"Baba, na ji abin da ya hwaru, shi ya sa na taho."

"Kai da kake cikinsu, mi sunka samu ga yaron?"

Ɗanjuma ya ja numfashi. "Ba komi ake hwaɗi ba, Baba. Mulkin soja ne. Amma in anka aiko mota musamman don mutum guda, ai ka san ba gaisuwa ta kawo su ba."

"Innalillahi."

"Ni gidanga nake ji. Sunanku na bakin mutane tare da nashi."

Da ya tafi, Malam Alkasum ya kira 'yarsa. Mahaifiyarta, Inna Balaraba, ta zauna a bakin ƙofa.

"Kin gani ko?" ya ce. "Shekara biyu ina hwaɗa miki. Mutum ya tahi Dakar, ya komo, yanzu kuma wai Faransa. Karatun da ba shi ƙarewa ba karatu ba ne, wani abu ne anka lulluɓe. Yau ga shi sun zo."

"Baba, albasa yake bincike."

"Albasa! Albasar da kakarki ta noma ba ta san baƙi ko ɗaya ba?"

"Baba..."

"Ban tilasta miki Ɗanjuma ba, kuma ba ni tilastawa. Amma sunan yaron can kar in ƙara jin shi cikin gidanga. Wasiƙunshi ki sa su wuta yau."

Inna Balaraba ta fara kuka. "Ki ji tausayinmu, ɗiyata. Ubanki ya tsuhwa, ba shi iya ɗaukar abin da ya ɗauka da."

Zalika ta kwaso wasiƙun, ta tsuguna gaban murhu. Ta ƙone su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta buɗe ko guda ba.

Ranar Talata babu labari. Duk motar da ta rage gudu a kan babbar hanya, sai Zalika ta ajiye alli ta leƙa ta taga.

Ranar Laraba da yamma, bayan an tashi yara, ta ji ƙarar mobilet, ƙaramin babur, a bayan aji. Saminu ne, rigarsa duk warin albasa, fuskarsa cike da murmushi.

Ta ruga ta ja shi cikin ajin, ta rufe ƙofa.

"Ka haukace? Mi ya kawo ka? Ka bi ta bayan gari ka ƙetare iyaka yanzun nan!"

"In ƙetare iyaka? Zalika, dubi abin da na kawo miki."

Ya ciro wasiƙa daga aljihu. Daga Yamai take. An zaɓe shi cikin mutum shida da gwamnati za ta ba bursi, wato ta ɗauki nauyin karatunsu, su je Faransa su yi doktora, matakin ƙarshe na jami'a. Nasa binciken a kan ruɓewar albasa ne a cikin rudu, rumbun ajiyarta, lokacin damina. Shekara uku. Ɗalibi mai aure yana iya tafiya da matarsa.

"Kin ga layin ƙarshe? Da matatai! Baba ya ce ina ɓoye wani abu. To ga hatimin gwamnati. In ya ga wanga, mi ya rage mishi?"

"Jandarma sun zo nemanka," ta ce.

"Har sun zo? Madalla, sun yi sauri."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Anketi ne," ya ce. "Duk wanda za a ba bursi sai an aika garinsu an tambayi halinshi. Ɗan wa ne, shina shan giya, ya taɓa sata. Mutum biyu su ce sun san shi, shi ke nan. Wa sunka tambaya?"

"Kowa."

"To mi anka ce?"

 Ta jingina da allo.

"Zalika, mi anka ce?"

"An ce ba a san ka ba."

Ya yi 'yar dariya, sannan dariyar ta tsaya. "Wa ya ce?"

"Duk gari. Mai shayi, mahauci, kowa. Mun ɗauka kama ka za a yi."

"To, magana ce ta baki. In babu wanda ya sa hannu, sai su sake dawowa."

"An sa hannu."

"Wa?"

Hawaye suka zubo mata. Ta ɗaga hannun damanta kaɗan, ta sauke.

Saminu ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. 

"Ke," ya ce a hankali. "Cikin dukan garinga, ke."

"Na so in tsare ka ne! Wallahi na so in tsare ka! Da bindiga ya shigo, gaban yara. Na tambaye shi mi ka yi, ya ƙi hwaɗi. Da kai ne, mi za ka ce?"

"Ban sani ba."

"Ka zage ni, Saminu. Ka ce wani abu."

"Zagi ba shi gyara takarda." Ya shafa fuskarsa. "Kin san abin da za su karanta a Yamai? Mutum ya ce an haihe shi Tsarnawa, kusa da iyaka, kuma Tsarnawa ta ce ba ta san shi ba. Ba bursi kaɗai zan rasa ba. Cewa za su yi ɗan ƙetare ne ya sayi takardar haihuwa. Wanga laihi ne na kaso."

Ta toshe bakinta da mayafi.

"Ɗanjuma ya zo," ta ce cikin kuka. "Ya ce wa Baba ba gaisuwa ta kawo su ba."

"Ɗanjuma? Ɗanjuma da ke buga irin wanga anketi duk shekara? Shi da kanshi ya buga mini kwahin takardar haihuwata watan jiya, har ya ce Allah ya sa a dace."

 A waje akuya na tauna wata tsohuwar takarda.

"Yaushe za a aika?" ta tambaya.

"Motar wasiƙun gwamnati na tashi daga Ƙonni duk Alhamis da ƙarhe huɗu. Gobe ke nan." Ya miƙe, ya ninke wasiƙar. "Zan tahi in yi musu bayani yanzu."

"Kar ka shiga wurin nan. Don Allah."

"In ban shiga ba, su za su zo."

"Ka yahe mini?"

Ya tsaya a bakin ƙofa. "Tsoro kinka ji. Ni ma yanzu shi nake ji."

Ranar Alhamis da hantsi wani direban babbar mota ya kawo labari kasuwa: ya ga mobilet ɗin Saminu a cikin barikin jandarma, an ɗaure ta da sarƙa a jikin bishiya. Mai ita ya shiga tun jiya, bai fito ba.

Zalika ta bar ajinta a hannun direkta, shugaban lakwal ɗin, ta koma gida ta ɗauki katin shaidarta. Ta tarar da mahaifinta a zaure yana gyara ƙotar kalme, fartanyarsa ta noma. Ta durƙusa ta gaya masa komai, daga wasiƙar Yamai har maganar Ɗanjuma.

Ya saurara har ƙarshe.

"To, kuskure ne," ya ce. "Allah ya hid da shi. Ina za ki da mayahi?"

"Ƙonni."

"Ba ki zuwa."

"Baba, hannuna ne a takardar."

"Shi ya sa. Za ki je ki ce musu kin yi musu ƙarya? Ma'aikaciyar gwamnati? Su kore ki daga aiki, in kin yi sa'a. In ba ki yi ba, ki kwana can."

"Shi ya riga ya kwana."

"Shi ba ɗana ba ne!"

Inna Balaraba ta fito da muciya a hannu, ta tsaya.

Malam Alkasum ya ajiye kalmen. Muryarsa ta yi ƙasa. "Kina shekara goma sha uku lokacin. Kin san an kama ƙanena Alhasan. Abin da ba ki sani ba, ni ma an kira ni. Shi ma takarda ya nuna mini da zai tahi, ya ce karatu anka ba shi. Ya komo cikin waɗanda ake nema. Kwana goma sha tara na yi a ɗakin nan na baya, cikin barikin Ƙonni. Ran na ashirin sunka hito da shi, ban gane huskatai ba sai da ya yi magana. Sunka ce, ka san wanga?"

Ya dubi ƙasa.

"Mi ka ce, Baba?"

"Ga ni nan zaune. Mi kike tsammani na ce?"

Inna Balaraba ta juya ta koma ciki.

"Shekara goma sha ɗaya ko ta gaban ginin ban ƙara bi ba," ya ce. "In na je Ƙonni, ta bayan kasuwa nake zagayawa. Na rasa ƙane a ƙohwar nan. Ba ni ba su ɗiya."

Zalika ta share hawayenta. Ta miƙe.

"Ban taɓa ƙetare maganarka ba, Baba. Ka ce kar in aure shi, ban aure shi ba. Ka ce in ƙone wasiƙu, na ƙone. Wanga kaɗai ka yahe mini. In na zauna yau, ni ma haka zan zauna shekara goma sha ɗaya."

Ta fita.

A bakin hanya ta samu motar hatsi mai zuwa Ƙonni, ta hau baya. Motar na shirin tashi sai ga Malam Alkasum ya kama ƙarfe ya hau. Ya zauna a kan buhu a ɗaya ƙarshen. Bai dube ta ba.

Sun isa da ƙarfe biyu da rabi. Ta bi hanyar bariki, yana biye da ita daga nesa. Da ginin ya bayyana, fari mai shuɗin tagogi, sai ya tsaya a gindin wani dogonyaro a ɗaya gefen titi.

"Zalika," ya kira sau ɗaya.

Ta tsallaka.

Mai gadi ya kai ta gaban ajidan, shugaban barikin, wani siririn mutum mai furfura a gefen kai. A kan teburinsa akwai ambulan guda huɗu, uku an liƙe, ɗaya a buɗe. Ta wata ƙofa da ke bayansa ta hango Saminu zaune a ƙasa, babu takalmi, babu agogo.

Ta faɗi sunanta da aikinta. 

"Ranar Litinin na sa hannu cewa ban san Saminu ɗan Amadu ba. Ƙarya na yi. Na san shi. A Tsarnawa anka haihe shi, bayan masallacin Juma'a."

Ajidan ya zaro takardar daga ambulan, ya duba sa hannun, ya dube ta.

"Kin san hukuncin shaidar ƙarya, Malama?"

"Na sani."

"Me ya sa kika yi?"

"Tsoro."

"Gari guda?"

"Gari guda."

Ya jingina da kujera. "Wannan shi ne anketi na uku a bana da aka yi mini haka a bakin iyakar nan. Gwamnati na neman wanda za ta ba alheri, danginsa na ɓoye shi." Ya ɗauki alƙalami. "Dole in sanar da mai duba makarantu abin da kika yi. Abin da zai yanke, nasa ne. Kin yarda?"

"Na yarda."

Ya fara rubutu, sannan ya tsaya. "Akwai dangantaka tsakaninki da shi?"

Ta sunkuyar da kai. "Shina nemana da aure."

Ya ajiye alƙalamin.

"To an gama. Wadda ake nema da aure ba ta shaida a anketi, balle wadda ta riga ta yi ƙarya sau ɗaya. Zan iya soke ta farko. Amma don in rubuta sabuwa, sai magidanci ɗan garin, mai katin haraji, wanda ba danginsa ba. Ga direktan lakwal ɗin da ya koyar da shi ya aiko da tasa shaidar da safe. Saura ɗaya." Ya dubi agogon bango. "Uku da kwata. Mota na tashi ƙarfe huɗu. In babu, haka za ta tafi, shi kuma ya bi ta gobe a ɗaure."

Zalika ta fito bakin ƙofa. Rana ta kashe mata ido. Can ƙetaren titi mahaifinta na tsaye inda ta bar shi, hannunsa ɗaya a jikin bishiya.

Ta je ta gaya masa. Ba ta roƙe shi ba. Ta faɗi abin da ajidan ya ce, da lokacin da ya rage.

Ya dubi ginin. Gumi na bin wuyansa har cikin riga.

"Ɗakin na nan?" ya tambaya. "Na baya, mai ƙohwar ƙarhe?"

"Shina nan. Cikinshi yake."

Wata mota ta wuce, wata ta bi bayanta. Malam Alkasum ya saki bishiyar. Ya tsallaka titin kamar mai tafiya cikin ruwa. A bakin matakala ya tuɓe takalmansa, mai gadi ya ce ba sai ya tuɓe ba, bai ji ba. Da ya shiga ya nemi ya tsuguna a ƙasa. Ajidan ya nuna masa kujera har sau biyu kafin ya zauna a bakinta.

Ya ciro katin harajinsa daga cikin hula. Ya ajiye shi a kan tebur.

"A fito da shi," in ji ajidan.

Aka fito da Saminu. Ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Malam Alkasum, ka san wannan?"

 Zalika ta riƙe bango. Agogo ya nuna huɗu saura ashirin.

"Na san shi," ya ce. Ya gyara murya, ya sake faɗa da ƙarfi. "Na san shi. Saminu ne, ɗan Amadu mai rijiya. Ina wurin ran sunanshi. Gonar ubanshi na gabas da tawa. Ba shi sha, ba shi sata. Taurin kai ne da shi, shi ke nan."

Ajidan na rubutawa. "Taurin kai ba ya cikin tambayoyin. Ta ƙarshe. Akwai dangantaka tsakaninku, ta jini ko ta aure?"

Malam Alkasum ya dubi saurayin da ke durƙushe babu takalmi. Ya dubi 'yarsa. 

"Rubuta babu," ya ce. "Amma ka sa kwanan watan yau da kyau, ranka ya daɗe. Bayan sallar Juma'a gobe ba ni iya rantse maka da haka."